Akawu Da Gudaddun Bayi: Sharhi A Kan Littafin William Still

Littattafan da aka rubuta a kan mutanen da suka taimaki bayi gudu a ƙasar Amurka suna da yawa ƙwarai, wanda ya ce sai ya karance su duka ya yi furfura bai kai rabi ba. Galibinsu labari iri ɗaya su ke bayarwa. Ga wani Bature mai tausayi ya buɗe ƙofarsa da tsakad dare, ga bawa yana makyarkyata a bakin zaure, an shigar da shi, an ba shi abinci, an ɓoye shi, kafin gari ya waye an sa shi a hanya. Mai karatu ya kan rufe irin wannan littafi ya san sunan mai gida da na matarsa, amma baƙon da aka yi wahalar dominsa ko sunansa bai ji ba. Akwai littafi guda wanda ya saɓa wa wannan hanya, shi ne kuwa za a auna a nan, a ga inda ya yi nauyi da inda ya gaza. Sunansa The Underground Railroad, watau Hanyar Jirgin Ƙarƙashin Ƙasa. An buga shi a birnin Filadelfiya cikin 1872, yana da shafi kusan 800. Wanda ya wallafa shi wani baƙin mutum ne, William Still, sana'arsa kuwa aikin akawu.

Kada sunan ya ruɗi mai karatu. Babu jirgi, babu dogo, babu rami a ƙarƙashin ƙasa. Zaurance ne na masu aikin, don a zamanin nan jirgin ƙasa sabon abu ne, kowa zancensa ya ke yi. Gidan da a ke ɓoye bawa shi ne tasha, mai yi masa jagora kwandasta, shi kansa bawan kuwa fasinja, wani lokaci ma a ce da shi kaya. A lokacin nan Amurka ta rabu biyu a kan sha'anin bauta. Jihohin kudu suna riƙe da bayi, waɗanda yawansu ya kusa miliyan 4 a ƙidayar 1860. Jihohin arewa sun bar bauta, amma doka ta tilasta musu su mayar da wanda ya gudo. Cikin 1850 aka daɗa tsananta dokar. Wanda aka kama yana taimakon gudajjen bawa, tararsa ta kan kai dala 1,000, da ɗaurin wata 6. Wanda a ke zargi bawa ne ba shi da ikon ba da shaida a kan kansa. Mai yanke hukunci kuwa dala 10 a ke biyansa in ya miƙa mutum ga mai da'awa, in ya sake shi dala 5. Saboda haka wanda ya ke son barci da ido biyu rufe sai ya zarce Kanada, inda mulkin Ingila ya soke bauta tun 1834.

Ba a fahimtar littafin sai an san gidan da mawallafinsa ya fito. An haifi William Still cikin 1821 a jihar New Jersey, shi ne autan 'ya'ya 18. Ubansa Levin bawa ne a Maryland, ya fanshi kansa ya tafi arewa. Uwarsa Sidney ta gudu da 'ya'yanta huɗu ta bi mijinta, aka kamo su aka mayar. Da ta tashi gudu na biyu ta ga ba ta iya ɗaukar huɗu, sai ta ɗauki mata biyu, ta bar maza biyu, Levin da Peter, babbansu bai wuce shekara takwas ba. Ta sake suna ta koma Charity don kada a gane ta. Ubangijinta kuwa ya sayar da yaran, aka kai su Kentucky, daga nan aka gangara da su Alabama. William ya tashi yana jin labarin yayyensa biyu waɗanda ba a san inda su ke ba. Karatunsa na makaranta kaɗan ne, yawanci shi ya koya wa kansa. Ya zo Filadelfiya cikin 1844, cikin 1847 ƙungiyar yaƙi da bauta ta jihar Pennsylvania ta ɗauke shi aiki, yana sharar ofis yana kula da wasiƙu.

Wata rana cikin watan Agusta na 1850, wani mutum mai kimanin shekara hamsin ya shigo ofishin nan yana cigiyar iyayensa. Ya ce daga Alabama ya fito, ya tara dala 500 da aikin dare da na ranar hutu ya fanshi kansa, irin abin da a ke kira murgu. Ya ce an raba shi da uwarsa tun yana yaro, abin da ya riƙe ke nan, sunan uwarsa Sidney, sunan ubansa Levin, yana da wa mai sunan uban, wanda ya rasu cikin bauta. Akawu yana saurare yana rubutawa, har ya gane wanda ke zaune gabansa Peter ne, wansa uwa ɗaya uba ɗaya, wanda bai taɓa gani ba. Uban ya riga ya rasu, amma tsohuwar tana da rai, ta ga ɗanta bayan shekara arba'in da wani abu.

Wannan gamuwa ita ce tushen littafin. Sunaye biyu da yaro ya riƙe a ka su suka mayar da shi gida. Still ya ga in haka ne, kowane suna da aka rubuta yana iya zama igiyar da za ta jawo wani zuwa ga danginsa. Da aka sake kafa kwamitin taimakon gudaddun bayi na Filadelfiya cikin 1852, aka ɗora shi a kan aikin yau da kullum, sai ya shiga rubuta kowa ya zo: sunansa na bauta da sabon sunan da ya ɗauka, shekarunsa, kamanninsa, sunan ubangijinsa, garin da ya fito, abin da ya koro shi, hanyar da ya bi, da waɗanda ya bari baya. Mutum wajen 800 suka bi ta hannunsa.

A nan akwai abin tambaya, ba kuwa ƙarami ba. Shin daidai ne mutum ya rubuta asirin da ran jama'a ya rataya a kansa? Waɗansu abokan aikinsa sun ga ba daidai ba ne, suka ƙone takardunsu bayan dokar 1850. Frederick Douglass, wanda shi kansa ya gudo daga Baltimore cikin 1838, ya ƙi faɗin dabarar da ya yi a littafinsa na 1845, ya kuma zargi masu tallar aikin a fili, don a ganinsa suna wayar wa iyayengijin bayi kai ne, suna toshe wa na baya hanya. Bai bayyana yadda ya fita ba sai 1881. Maganarsa tana da hujja. Da takardun Still sun faɗa hannun hukuma, da ba shi kaɗai zai shiga uku ba, har da matuƙan jiragen ruwa da masu masauki da ɗaruruwan mutanen da suka riga suka zauna da sababbin sunaye. Shi ma ya san haka, har ya zama sa'ad da al'amura suka rikice sai da ya kai takardun wani gini cikin makabarta ya ɓoye. Abin da za a ce don kāre shi shi ne ya bambanta rubutu da talla. Ya rubuta, ya kulle, bai buga ba sai da aka soke bauta cikin 1865, shekara bakwai kuma suka wuce a kai. Duk da haka kasada ce ya yi da ran waɗansu, sa'a ce ta sa ta zama alheri. Mai karatu ya kamata ya riƙe wannan a zuci, don littafin da ke hannunsa ɗan kasada ne.

Babban abin yabo a littafin shi ne wurin da ya ajiye bawa. A shafukansa bawa shi ke ƙulla shawara, shi ke tashi, shi ke ratsa wurin da ya fi haɗari, watau cikin ƙasar bauta kanta, inda sau da yawa babu tasha babu kwandasta. Taimako ba ya samuwa sai ya riga ya sha rabin wuya. Ga Henry Brown na birnin Richmond, wanda aka sayar da matarsa da 'ya'yansa a kan idonsa, ya sa aka rufe shi cikin akwatin katako mai tsawon ƙafa uku da fāɗin ƙafa biyu, aka aika da shi kamar kaya cikin watan Maris na 1849. Ya kwana ya wuni cikin akwatin, wani lokaci kansa a ƙasa, kuma Still yana cikin waɗanda suka tsaya aka ɓalle murfin. Ga Ellen Craft daga jihar Georgia, wadda da ya ke fara ce sai ta yi shigar Bature marar lafiya, mijinta William ya bi ta a matsayin bawanta, ta rataye hannunta na dama kamar ya yi ciwo don kada a ce ta sa hannu a takarda, tun da ba ta iya rubutu ba. Suka iso Filadelfiya ran Kirsimeti na 1848. Ga mutum 28, har da jarirai, da suka tashi tare daga garin Cambridge na Maryland cikin 1857, suna tafiya cikin ruwan sama, da makamai a hannu. Duk waɗannan dabaru daga kan bayin suka fito.

Abin yabo na biyu shi ne halin akawu da ya bi littafin tun daga farko har ƙarshe, watau son shaida. Still ba ya cewa a yarda da shi don shi ya faɗa. Ya kan kawo sanarwar da ubangiji ya buga a jarida yana cigiyar bawansa, da ladan da ya sa, sa'an nan ya kawo abin da bawan ya faɗa da bakinsa, ya bar mai karatu ya gwama. A sanarwa mutum tabo ne da tsawo da kuɗi, a rijista kuwa mai mata ne da 'ya'ya da dalili. Ya kan buga wasiƙun da suka aiko daga Kanada yadda su ke, da kurakuransu na rubutu, wannan yana tambayar labarin matarsa, wancan yana roƙon a aiko masa da tufafinsa. In wani ya ce ubangijinsa bai taɓa dukansa ba, haka ya ke rubutawa, ko da ya ke wannan bai yi wa masu yaƙi da bauta daɗin ji ba. Irin wannan shaida ma ta fi ƙarfi, don tana nuna ko inda babu bulala mutum ba ya son zama dukiyar wani, musamman da ya ke mutuwar ubangiji ko bashinsa sun isa su kai shi kasuwa.

Ba kuwa za a ce ya tauye hakkin Turawan da suka taimaka ba. Da labarin ɗaya daga cikinsu ma ya buɗe littafin. Seth Concklin ya karanta labarin Peter a jarida, ya ji matarsa Vina da 'ya'yansu uku suna can Alabama, sai ya ɗauki alkawarin fito da su, ba don lada ba. Cikin 1851 ya sa su a ƙaramin kwalekwale, suka yi kwana bakwai suna tuƙi bisa koguna har suka kai jihar Indiana. Nan aka kama su. Aka mayar da matar da 'ya'yan, shi kuwa aka tsinci gawarsa a ruwa, hannu da ƙafa cikin mari, kansa a fashe. Sai da Peter ya yi yawon neman taimako ya tara dala 5,000 kafin ya fanso iyalinsa cikin 1854. Mawallafin da ke neman faranta wa mai karatu rai da labarin nasara zai fara. Still ya fara da wanda aka yi hasara, don a san tun daga bakin ƙofa abin da aikin ya ke ci. Hakanan ya kawo wasiƙun Thomas Garrett na garin Wilmington, ɗan ɗariƙar Kirista da a ke kira Kweka, wanda kotu ta ci shi tarar dubban daloli cikin 1848 bai fasa ba, da labarin Passmore Williamson, wanda ya yi kwana 100 a kurkuku cikin 1855 saboda sha'anin wata baiwa, Jane Johnson, da 'ya'yanta biyu.

To, amma kowa ya yabi kura sai ya faɗi ɗoyinta. Aibi na farko rashin tsari. Littafin ba shi da babi-babi na sosai, labarai ba su bi shekara daki-daki ba, ba su kuma bi gari-gari ba. Kamar dai an juye akwatin takardu ne a gaban mai ɗab'i. Wanda ya fara daga shafin farko da niyyar kai wa ƙarshe zai gaji a tsakiya, don bayan labarai masu tayar da tsikar jiki sai ya shiga jerin sunaye, kowa layi biyar ko goma, kusan da kalmomi iri ɗaya. Inda mutane suka zo da yawa a dare guda, akawu bai sami sukunin tambaya ba, labarin ya kan fito a ƙanjame.

Aibi na biyu ya fi wannan nauyi. Ko da ya ke daga bakin bayin aka ɗauko labaran, yawancinsu da muryar Still su ke fitowa. Yana da son gatse, ya kan kira azzalumin ubangiji da sunayen girma don ba'a, ya kan kuma yi ado da zaurancen jirgin ƙasa har a inda zancen ya fi ƙarfin wasa. Gatse sau ɗaya yana da daɗi, sau ɗari kuwa ya kan shiga tsakanin mai karatu da mai baƙin ciki. Wuraren da suka fi taɓa zuciya su ne inda ya yi shiru ya bar wasiƙa ta yi magana.

Na uku, idonsa bai wuce abin da ya biyo ta ofishinsa ba. Yawancin mutanensa daga Maryland da Virginia da Delaware su ke, watau jihohin da ke kusa da iyaka, galibi kuma maza ne masu jini a jika. Bawan gonar auduga na can ƙuryar kudu da wuya a ji ɗuriyarsa, haka tsofaffi da mata masu goyo waɗanda gudu ya gagara. Ƙidayar hukuma ta 1850 ta ce bayi 1,011 ne suka tsere a shekara guda. Ko an ce lissafin ya gaza, an ninka shi sau biyar, in aka gwada da miliyoyin da suka rage, ɗigo ne a cikin tulu. Wanda ya karanta littafin nan kaɗai yana iya zaton ƙofa a buɗe ta ke ga duk mai ƙarfin hali, alhali ba haka ba ne. Ko Harriet Tubman, wadda a ke yi wa laƙabi da sunan Annabi Musa, 'yan shafuka kaɗan ta samu, ga ta kuwa ta koma Maryland wajen sau 13 ta fito da mutum kimanin 70.

Duk da wannan, darajar littafin ba ta bayyana sosai sai an ajiye shi kusa da 'yan'uwansa. Levi Coffin, shi ma ɗan Kweka ne, wanda ya yi aiki a Indiana da Cincinnati, ya buga tarihin rayuwarsa cikin 1876. Mutumin kirki ne, littafinsa ya fi na Still daɗin karatu nesa ba kusa ba, amma a tsufa ya rubuta shi daga abin da ya tuna, kuma shi ne tsakiyar kowane labari. Cikin 1898 wani malamin jami'a, Wilbur Siebert, ya tattara abin da tsofaffi da 'ya'yansu suka tuna, ya jera sunayen mataimaka fiye da 3,000, yawancinsu Turawa, ya zana taswira mai layuka kamar ta jirgin ƙasa na gaske. Daga nan jama'a suka ɗauka wata babbar ƙungiya ce mai shugabanni da tashoshi a jere. Haka aka yi ta ƙara gishiri, har littafin Sarah Bradford ya mayar da mutanen Tubman 300. Sai cikin 1961 Larry Gara ya fito da littafin da ya tankaɗe wannan labari, ya nuna aikin na ƙananan ƙungiyoyi ne warwatse, kuma bayin da baƙaƙen mutane 'yantattu su suka ɗauki mafi yawan nauyin. Cikin shaidun da suka tsaya masa har da littafin akawun nan, wanda ya riga ya faɗi haka shekara 89 kafin nan. Dalili kuwa a fili ya ke. Waɗancan tuni suka rubuta, shi kuwa a ranar ya rubuta, mai labarin yana zaune gabansa da ƙurar hanya a ƙafa.

Hukuncin da ya dace da littafin ke nan. In adon magana da kyan tsari a ke nema, ba ya cikin na gaba. In kuwa amana a ke nema, da wuya a sami wanda ya fi shi cikin duk abin da aka rubuta a kan wannan al'amari. Hanyar karanta shi ita ce kaɗan-kaɗan, labari biyu ko uku a zama guda, yadda alƙali ke sauraron shaidu, a bar kowane ya sauka a zuci kafin a kira na gaba. Mai karatu na ƙasar nan, inda doka ba ta soke bauta gaba ɗaya ba sai 1936, ba zai ji zancen murgu da fansa da rabuwar uwa da ɗa a matsayin baƙon abu ba, ya kuwa san yawan waɗanda suka shuɗe ba wanda ya tambaye su labarinsu balle ya rubuta.

William Still ya rasu cikin 1902. Abin da ya yi fata tun farko shi ne takardunsa su haɗa waɗanda bauta ta raba. Har wa yau zuriyar waɗancan fasinjoji su kan buɗe littafin suna neman sunan kakansu, da sunan garin da ya fito, da na matar da ya bari baya, waɗansu kuwa su kan samu.